RD350 ko XT500, wanne ya kamata ɗan Kumasi ya zuba wa kuɗinsa?

Sati biyu ke nan ƙanena bai bar ni na huta ba. Ya gano tsofaffin babura guda biyu, ɗaya a wani gareji can cikin Magazin na Suame, ɗayan kuma a bayan gidan wani dattijo a Tafo, an lulluɓe shi da tamfol shekara da shekaru. Na Magazin Yamaha RD350 ne, na Tafo kuwa Yamaha XT500. Kuɗin da ake nema kusan ɗaya ne, shi kuma abin da ke hannunsa na guda ɗaya ne, shi ɗin ma sai ya sayar da Boxer ɗinsa zai cika. Kullum bayan isha'i sai ya kira ni, "Yaya don Allah wanne zan ɗauka?" To na ce bari in zauna in rubuta a tsanake, don na san ba shi kaɗai ba ne, akwai samari da yawa a Aboabo da Asawase da Sawaba da son tsohon moto ya shiga ransu yanzu.

Ni dai na riƙe RD350 shekara huɗu, na sha daɗinsa na kuma sha wuyarsa. XT500 kuwa na wani abokina ne, amma mun yi tafiyar Ejura da Atebubu har Yeji a kansa ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, don haka duka biyun na san su a hannu.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Babur ma haka, in ka san irin tseren da ya haife shi ka gama sanin halinsa, kuma waɗannan biyun duk da kamfani ɗaya ya ƙera su gidansu ba ɗaya ba ne ko kaɗan.

RD ɗan kwalta ne. Tseren kwalta tsohon abu ne, tun 1907 aka fara gasar TT a tsibirin Man da ke tsakanin Ingila da Ailan, inda ake rufe titunan gari a yi gudu a kai, zagaye ɗaya na hanyar dutsen ya kai kilomita 60, ga katanga ga gidajen mutane a gefe, kuma har yau ana yi, har yau tana cin rayuka. Gasar duniya kuma aka fara ta a 1949, wanda ya fara cin ajin 500, wato na babura masu girman inji cc 500, Les Graham ne a kan AJS. Shekarun farko duk na Turawa ne, Norton na Ingila da Gilera da MV Agusta na Italiya, MV ɗin ma sai da ya riƙe kambun 500 shekara 17 a jere, daga 1958 har 1974, ba wanda ya ƙwace. Duk waɗannan injinsu fostirok ne, wato irin na Boxer da Haojue da muke hawa yanzu, mai bawul, baƙin mai yana zaune a wurinsa daban. Honda ma da ya zo tsibirin Man a 1959 da wannan injin ya zo, bayan shekara biyu Mike Hailwood ya ci masa 125 da 250, a 1964 har injin 250 mai silinda shida suka fito da shi, kowane fistin ɗan mitsitsi.

Shi injin tustirok a lokacin kallon na talaka ake masa, mai hayaƙi, mai arha. Ba shi da bawul irin na wancan, yana ƙona baƙin mai tare da fetur, amma fa duk zagaye ɗaya wuta take tashi a cikinsa, shi kuwa fostirok sai ya zagaya sau biyu. Wanda ya ɗaga darajarsa wani injiniya ne a Jamus ta Gabas, Walter Kaaden na kamfanin MZ, shi ya ƙware a kan salansar nan mai ƙaton ciki kamar tulu. Dabarar ita ce, ƙarar da ta fita daga silinda tana dukan ƙarshen tulun ta dawo, sai ta turo ɗanyen man da ya so ya gudu ta mayar da shi ciki daidai lokacin da ƙofa za ta rufe. To amma wannan dawowar ba ta dacewa sai injin ya kai wani gudu, shi ya sa tustirok yake kamar mai barci a ƙasa, sai ya kai wurin kawai ya farka kamar an tsikare shi. A 1961 mahayin MZ, Ernst Degner, ya gudu zuwa yamma, shekarar da ta biyo ya ci wa Suzuki kambun duniya na ajin 50, daga nan ilimin ya zauna a Japan.

Yamaha ne ya fi kowa cin moriyarsa. A 1973 Jarno Saarinen, ɗan Finlan, ya shiga tseren Daytona mai mil 200 a Amurka da ɗan TZ350, ya bar masu injin 750 a baya ya ci. Wata biyu bayan nan ya rasu a hatsarin Monza. Sai 1975 Giacomo Agostini, mai kambu 15, wanda ya bar MV Agusta ya koma Yamaha, ya ci ajin 500 da tustirok, karo na farko ke nan, kuma daga nan tustirok bai sake sakin kambun ba har 2001. Abin da ya fi burge ni da TZ shi ne Yamaha sayar da shi yake ga duk mai kuɗinsa, ba sai kana ɗan kamfani ba. Jon Ekerold na Afirka ta Kudu da injin TZ350 ya zama zakaran duniya a 1980, ba tare da wani babban kamfani a bayansa ba. RD350 da ya fito a 1973 ƙanin wannan TZ ɗin ne, silinda biyu, giya shida, birkin faifai a gaba, sai dai shi iska ke sanyaya shi, TZ kuwa ruwa.

Wallahi ranar da na fara buɗe masa wuta a kan hanyar Ejisu da sassafe ba zan manta ba. A giya ta biyu yana tafiya lafiya lau kamar ba komai, allurar juyin inji na wuce dubu shida sai muryarsa ta canza ta koma wani siririn kuka, tayar gaba ta yi sauƙi a hannuna har na ji tana neman barin ƙasa, hayaƙi shuɗi-shuɗi a madubi, ƙamshin man nan yana bin iska. Ƙarfinsa wajen doki 39 ne a jikin da bai da nauyi. Duk wanda ya ce maka bai ji komai a ransa ba a wannan lokacin, to bai hau ba ne.

Amma kwana nawa a shekara za ka samu hanyar Ejisu ba kowa? Ranar aiki fa Kejetia za ka bi, ka tsaya a bayan tirotiro, ka matsa taku uku ka sake tsayawa. RD ba ya son wannan sam. In ya daɗe yana tafiyar hawainiya filogi sai ya jiƙe da mai ya yi baƙi, silinda ɗaya ta ɗauke, ka ji yana tari. Ni sai da ya zama kullum akwai filogi biyu da sifana a aljihun jakata. Ga shan fetur, kafireta biyu ne kowacce da bakinta, abin da Boxer zai yi sati da shi RD zai iya lashe shi a kwana biyu ko uku in hannunka na da nauyi, sannan ga kuɗin man tustirok mai kyau a kai.

Babbar matsalar kuwa masu gyara ne. Yaran da ke koyon aiki yanzu a kan injin China da na Indiya suka taso, da yawansu ba su taɓa buɗe tustirok mai silinda biyu ba. Akwai wani fita da na kai wa nawa don ya duba ɗigon mai, sai ya cire famfon da ke tura baƙin mai cikin injin, wai ba shi da amfani gara in riƙa haɗawa a tanki, bai kuma gaya min ba sai da na ɗauka na tafi. Ban kai Oforikrom ba injin ya cije, tayar baya ta ja ƙasa, Allah ne ya kiyaye na damƙe kuloci da sauri. Da aka buɗe, fistin na hagu ya narke ya manne a jikin silinda. Wata biyar babur na jingine ina jiran kaya. Kuma akwai robobin da ke toshe gefen kuranshaf, in sun tsufa iska na shiga ta nan, mai ya yi ƙaranci, zafi ya huda kan fistin, canza na tsakiyan kuwa sai an raba kuranshaf ɗin da injin matsa an sake haɗa shi daidai, ba aikin guduma ba ne. RD da ya yi shekaru a ajiye, ka ɗauka kawai robobin nan sun mutu.

Gaskiya ɗaya da zan faɗa masa, kayansa ba su ɓace ba. Kamfanin Escorts ya ƙera shi a Indiya daga 1983 da sunan Rajdoot 350, don haka har yanzu ana samun fistin da ringi da gasket daga can, sai dai a yi hattara da ingancinsu. A kuma duba da kyau, na Indiyan an rage masa ƙarfi kuma birkin gabansa na ganga ne, kar a sayar maka da shi a kuɗin na Japan.

To XT fa? Shi gidansu ƙasarmu ce, ko in ce maƙwabtanmu. A 1977 wani Bafaranshe, Thierry Sabine, ya ɓata a hamada yana cikin tseren Abijan zuwa Nis, da aka ceto shi sai ya ƙudura zai kawo mutane su ga abin da ya gani. Ranar 26 ga Disamba 1978 motoci da babura 182 suka tashi daga Paris, suka bi Aljeriya, Tamanrasset, Agadas, Yamai, Gawo, Bamako, har Dakar, tafiyar kusan kilomita 10,000, guda 74 kacal suka isa. Wanda ya zo na ɗaya Cyril Neveu ne a kan XT500, ya kuma sake ci a 1980 da shi. Kawuna, Allah ya jiƙansa, fataucin goro yake yi zuwa Yamai a shekarun nan, ya sha ba mu labarin Turawan da ya gani sun shigo gari fuska duk ƙura, leɓe a fashe, suna neman ruwa da fetur, tankunansu manya kamar randa. Tun ina yaro wannan hoton ya zauna min a kai.

Daga baya BMW ya karɓa da Hubert Auriol da Gaston Rahier, Honda ya yi shekara huɗu a jere daga 1986, Stéphane Peterhansel ya ci wa Yamaha sau shida tsakanin 1991 da 1998, sannan KTM ya riƙe daga 2001 har 2019. Shi Sabine ya rasu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Mali a Janairun 1986. Gasar kanta, da har yau ake kira Dakar, ta bar Afirka bayan an soke ta 2008, ta koma Kudancin Amurka, yanzu tana Saudiyya tun 2020, abin yana min ciwo har yau don sunan namu ne ƙurar kuma ta wasu. Ko sunan Ténéré da Yamaha ya sa wa XT600 a 1983, hamadar Nijar ce gabas da Agadas.

XT500 ya fito a 1976. Silinda ɗaya ce ƙatuwa mai cc 499, bawul biyu, kafireta ɗaya, filogi ɗaya, giya biyar, baƙin mai kuma a cikin ƙarfen jikin babur ɗin yake zama, murfinsa na nan gaban tanki. Tayar gaba inci 21, cikinsa a ɗage daga ƙasa. Ƙarfinsa bai kai na RD ba, wajen doki 30 ne, amma tun daga ƙasa yake ba ka shi, ba sai ka jira wata allura ba. Mun taɓa hawa tudun Mampong mu biyu da buhun doya a baya, a giya ta uku yana tafiya dum, dum, dum, kamar ana daka a turmi, ko gezau. Da muka bar kwalta muka shiga jar ƙasa bayan ruwan sama, inda RD zai kwanta tun ramin farko, shi ratsawa kawai yake. Duk wanda ya san ungwanninmu a damina, lungunan da ruwa ya zaizaye, kwalbatin da ya karye, ya san me nake nufi.

Wahalarsa tayarwa ce. Ba shi da sitata, ƙafa ce kawai, kuma silinda 500 ba wasa ba ce. Akwai ɗan hannu a ƙarƙashin kuloci, za ka taka kik a hankali har ka ji ya yi tauri, ka ja ɗan hannun ka ɗan wuce wurin kaɗan, ka saki, ka dawo da kik sama, sannan ka taka da dukkan nauyinka har ƙasa ba tare da ka murɗa wuta ba. In ka yi daidai bugu ɗaya ko biyu ya tashi. In ka yi rabi-rabi ko ka buɗe wuta, kik ɗin zai dawo ya daki ƙafarka, na ga idon sawun abokina ya kumbura sati guda yana sallah a zaune. Mafi wuya in ya mutu da zafinsa a tsakiyar go-sulo, ana maka hon ta ko'ina. Abu ne da ake koya, bayan wata ɗaya ƙafa ta saba, amma mai ciwon gwiwa ko mai ƙaramin jiki ya yi tunani sosai, don sirdin ma yana da tsawo.

Sai wuta da birki. Na farkon batirinsu bolt 6 ne, fitilar kamar aci-balbal, tafiyar dare a hanyar Techiman da ita ganganci ne sai an mayar da shi 12, kuma ana iya yi. Birki gaba da baya duk na ganga ne, a nan RD ya fi shi nesa ba kusa ba. In ka haura kilomita 100 a awa jijjiga za ta sa hannunka ya mutu. Tankinsa ƙarami ne, bai kai lita 9 ba, sai dai ba ya sha kamar RD.

Wajen gyara kuwa kusan duk fitan da ya iya saita bawul ɗin Boxer zai gane kan XT, tsarin ɗaya ne girma ne ya bambanta. Sannan ɗan'uwansa na kwalta, SR, da ya fito a 1978, an ci gaba da ƙera SR400 a Japan har 2021, abubuwa da yawa na injinsu suna shiga juna, shi ya sa kayansa ba sa yankewa a duniya. Na je wurin wani tsohon masta a Magazin, gashinsa duk ya yi fari, tun zamanin da ma'aikatan gona ke yawo da Yamaha AG da DT yake wannan aiki. Na ce Baba, in kai ne wanne za ka ɗauka? Ya goge hannu da tsumma ya ce, ɗana, wancan mai hayaƙin dokin sallah ne, wannan kuwa shi ne na zuwa gona, ka tambayi yaron ko yana da wani dokin a gida.

Nan maganar take. Da ƙanena zai riƙe Boxer ɗinsa ya ƙara da wani na ranar Lahadi, da na ce ya ɗauki RD350 ido rufe, ya gyara shi a hankali ko shekara zai ɗauka, ya samu mai gyara ɗaya tak wanda ya san tustirok ya manne masa, don irin wannan injin an daina yin sa, kuma masu nemansa a duniya ƙaruwa suke. Amma shi sayar da Boxer zai yi. Ma'ana abin da zai saya shi zai kai shi shago da safe, shi zai kai Hajiya asibiti in ta kama, shi zai je ƙauye da shi ɗaurin aure. Mai babur ɗaya a Kumasi XT500 ya dace da shi, ban da wata tantama a kan wannan.

Wani zai ce ina Honda CB750, wanda Dick Mann ya ci Daytona da irinsa a 1970? Babur ne na gaske, amma nauyinsa ya haura kilo 200, kafireta huɗu ne sai an daidaita su tare, a lungunan Zongo wahala zai zame maka. Norton da sauran na Ingila kuwa a bar wa masu tarawa, ko kusoshinsu ba irin awon sifanunmu ba ne. Wanda zan ce a tsaya a duba in an ci karo da shi shi ne XT600 Ténéré, mai tanki kusan lita 30 da birkin faifai a gaba, ya gyara yawancin abin da na lissafa a kan 500 ɗin.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu za mu je Tafo tare da Baba masta. Na gaya wa ƙanena kar ya nuna zumuɗi a gaban dattijon, ya gaishe shi yadda ya kamata ya bar mu mu yi magana. Farko lambar injin da ta jiki za mu duba mu gwada da takardu, in babu takardar kwastan da ta DVLA ko lambar ta nuna alamar an goge an sake bugawa, ko kyauta ne ba ma so. Sannan mu taka kik mu ji ko yana da tauri, in ya tafi salalau to ringi ko bawul sun gama. Mu leƙa cikin tanki da tocila saboda tsatsa, mu zare baƙin mai mu murza a yatsa ko akwai garin ƙarfe, mu duba ƙarfen jikin wajen wuya ko an taɓa yi masa walda, tunda nan ne mai yake zama. Haƙoran da ke riƙe kik da na ƙaramin sifroket su ma sai an gani, in na sifroket ɗin sun cinye sai an tsaga injin gaba ɗaya. Duk abin da aka yi ciniki a kai, na ce ya ware kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa ya ajiye don tayoyi da sarƙa da wayoyi da hular kwano mai kyau, in kuɗin bai kai haka ba to Boxer ya ƙara wata shida a hannunsa, mu ba dattijon kafin alƙalami ya riƙe mana.